Abin da Ke Hana Direban Sadarwa Tashi

Ya ku Hakimai da malaman ofis, wannan darasi a kan wata wahala ne da ke samun masu aiki da DPDK, watau tarin kayan manhaja da kamfanin Intel ya fitar a 2010 domin kwamfuta ta riƙa karɓar saƙonnin sadarwa da sauri ƙwarai. Sau da yawa akan kunna manhaja ta ce ba ta ga kafar sadarwa ko ɗaya ba, alhali kuwa katin lafiyarsa lau. Yawanci direba ne bai iso ba, watau ɗan shirin nan da ke tafinta tsakanin kati da manhaja. Kafin a yi asarar kuɗi wajen sayen sabon kati, sai a lura da wannan bayani.

Direba yana zaune ne cikin taskar umarni, ita kuwa iri biyu ce. Akwai kafaffiya, wadda sunanta ke ƙarewa da .a; ita ana ɗinke ta cikin manhaja tun ranar gini, kamar matafiyi mai ruwansa a salka. Akwai kuma ta tarayya, mai ƙarewa da .so; ita tana ajiye dabam, sai an tashi aiki a nemo ta, kamar matafiyin da ya dogara ga rijiyar hanya.

To, direban DPDK ba wanda ke kiransa da suna. Shi ne ke shigar da kansa rajista sa'ad da aka ɗora shi. Nan asalin wahalar take.

Idan taska kafaffiya ce, shirin da ke haɗa manhaja yakan ga ba a ambaci direba ba, sai ya bar shi a baya. Maganinsa a umarce shi da --whole-archive, ya ɗauki taskar ɗungum.

Idan ta tarayya ce, direba ba ya cikin manhajar sam. In ba ya wurin da aka saba nemansa, lalle a nuna shi da -d, a rubuta sunan fayil ko na ma'ajinsa. A tuna kuma an sake sunaye a fitowar 20.11 ta shekarar 2020: librte_pmd_ixgbe.so ya koma librte_net_ixgbe.so.

Ga yadda malami zai bi. Da fari ya gwada manhajar da ldd, ya san irin taskar da aka yi gini da ita. Idan an ce ba a sami wata taska ba, ya kunna ldconfig. Sa'an nan ya duba dpdk-devbind.py, ya tabbata an ɗaura katin ga vfio-pci ko abin da ya dace da shi. Kada kuma a gauraya direban wata fitowa da taskar wata.

Muna roƙon Hakimai su sa malamansu su rubuta irin taska da lambar fitowa cikin littafin ofis, domin wanda ya gaji aikin ya sami sauƙi. Haza wassalam.