Hazo da Ƙura a Sararin Samaniya: Yadda Ake Auna Sauyinsu Daga Doron Ƙasa

Gabatarwa

Bahaushe yana da sunaye daban-daban ga abubuwan da ke dushe masa sararin samaniya. Akwai ƙura, akwai hazo, akwai buji, akwai kuma hayaƙi, kowanne da lokacinsa da kamanninsa. Masana ilmin yanayi kuwa sun tattara su ƙarƙashin suna guda, domin dukkansu ƙananan ƙwayoyi ne da ke shawagi a cikin iska, su yi kwanaki ko makonni ba su sauka ba. A wannan darasi za a kira su ɓurɓushin iska. Ya haɗa da ƙurar hamada, da hayaƙin ƙunar daji da na masana'antu, da gishirin da iska ke kwasowa daga teku, da abin da dutse mai aman wuta ke fesawa sama.

Tambayar da darasin zai duba ita ce: shin wannan ɓurɓushi ƙaruwa yake yi ko raguwa? Ido ba ya iya ba da amsa, haka ma tunanin mutum, domin hunturu guda mai tsanani yakan shafe goma masu sauƙi daga zuciya.

Yadda Ake Awo

Na'urar da aka fi dogara da ita ana kafa ta ne a fili ko a kan rufin gini. Tana bin rana kamar yadda inuwa ke bin mai ita, tana auna ƙarfin hasken da ya iso ƙasa. Da yake an san ƙarfin hasken kafin ya shigo sararin duniya, sai a lissafta abin da ya salwanta a hanya. Sakamakon shi ne kaurin hazo. Idan kaurin bai wuce 0.1 ba, sama garau take. Idan ya kai 1, rana kuma tana tsaka, to abin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na hasken ne kawai ke isowa kai tsaye.

A shekarar 1993 hukumar NASA ta Amurka da wasu masana na Faransa suka kafa tsarin AERONET, wato ɗaruruwan irin waɗannan na'urori a sassan duniya, masu aiki bisa ƙa'ida ɗaya. Daga cikin tashoshinsa akwai ta Banizumbu, gabas da Yamai a Nijar, wadda ta fara aiki a 1995, da ta Ilori a Nijeriya, a 1998. Sai dai na'urar tana da rauni: ba ta bambance komai idan gajimare ya rufe rana, don haka alƙaluman damina sukan yi ƙaranci. Tilas kuma a riƙa gwada ta da wata na'urar da aka tabbatar da ingancinta, in ba haka ba tsufanta sai ya yi kama da ƙaruwar hazo.

Abin da Dogon Awo Ya Nuna

A tashar Mauna Lowa da ke tsibirin Hawayi, mai tsayin kimanin mita 3,400, ana auna hasken rana tun 1958. Can iska tsabtatacciya ce, shi ya sa duk wani babban aman wuta ke barin tabonsa a cikin alƙaluman: Agung a 1963, El Cicon a 1982, Finatubo a 1991. Na ƙarshen ya rage zafin duniya da kimanin rabin digiri a 1992. Bayan shekaru biyu zuwa uku sama takan washe.

Labarin ƙura ya fi wannan kusa da gida. Yawancin bujin da ke lulluɓe ƙasar Hausa da hunturu daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon Tafkin Cadi ya ƙafe ya bar farin gari mai laushi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe shi. Wata ƙurar ta Afirka har Tekun Atlantika take tsallakawa. A tsibirin Babados da ke yankin Karebiyan, masani Joseph Prospero da abokan aikinsa sun soma tace iska suna auna nauyin ƙurar da ke cikinta tun 1965. Sun gano cewa a farkon shekarun 1980, lokacin da fari ya yi tsanani a Sahel, ƙurar ta ninka ta ƙarshen shekarun 1960 kusan sau huɗu. Sun kuma lura cewa shekarar da ta biyo bayan ƙarancin ruwa ita ta fi ƙura, domin ciyawar da ke riƙe ƙasa ba ta fito ba. Da damina ta ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, ƙurar ta ragu, ko da yake akwai masanan da ke jingina raguwar ga sassaucin iska fiye da dawowar tsirrai.

Wannan ya isa ya sa malami ya yi hattara da maganar da aka saba ji, cewa ƙura kullum ƙaruwa take yi. Takan hau, takan sauka, kuma shekara biyar ba ta isa a yanke hukunci ba.

Ɓurɓushin da ɗan'adam ke haddasawa kuwa doka yake bi. A Turai da gabashin Amurka kaurin hazo ya ragu sosai tun shekarun 1990, bayan an taƙaita hayaƙin kwal. A Sin ya soma sauka bayan tsauraran matakan 2013. A arewacin Indiya ƙaruwa aka gani.

Ga mazauna Sahel batun ya shafi lafiya da abinci da sufuri. Annobar sanƙarau takan zo ne a watannin ƙura da bushewar iska, jiragen sama sukan kasa sauka a Kano idan buji ya yi kauri, allunan sola kuma sukan rage ba da wuta. Tashoshin awo a yankin ba su da yawa, kuma shekarar da na'ura ta tsaya ba a auna ba, babu hanyar komawa a aunata.