Ƙaddara Ce, Ko Zaɓin Mutum?

Akwai amsoshi biyu da dattawan ikilisiya suka saba ji idan aka zauna a kan wani laifi. Ma'aji ya taɓa kuɗin baiko, a tambaye shi, ya ce aikin Shaiɗan ne. Saurayi ya yi wa yarinya ciki, iyayensa su ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Maganganun suna kama da tawali'u, amma duka biyun dabara ce ta ɗora wa wani kayan da mutum ya ɗaure da hannunsa.

Wannan hali ya tsufa. A Farawa sura 3, Adamu ya nuna matarsa, har ya shafa wa Allah laifi domin shi ya ba shi ita, Hawwa'u kuma ta nuna maciji. Allah bai karɓi uzurin kowa ba. Haruna ma, da Musa ya tsare shi a kan ɗan maraƙin zinariya, cewa ya yi ya jefa zinariyar cikin wuta ne kawai, sai ga maraƙi ya fito (Fitowa 32), kamar ba shi ya ƙera shi ba.

Inda darasin ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Saul da Dawuda. A 1 Sama'ila 15, an umarci Saul ya hallaka dukan abin da ke na Amalekawa, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, da mafi kyawun tumaki da shanu. Da Sama'ila ya tambaye shi kukan dabbobin da yake ji, sai ya ce jama'a ne suka keɓe su domin hadaya. Ko da ya amsa laifinsa daga baya, sai da ya haɗa da cewa tsoron mutane ne ya sa shi, ya kuma roƙi a girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa yake nema, ba gafara ba.

A idon mutum, laifin Dawuda ya fi muni: zina da Batsheba, da shirya mutuwar mijinta Uriya Bahitte. Shi ma ya fara da fakewa da ƙaddara, gama ya aika wa Yowab cewa kada ya damu, haka yaƙi yake, takobi ba ya zaɓen wanda zai ci (2 Sama'ila 11:25). Amma da annabi Natan ya nuna masa kansa, ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara da wani “amma” ba. An gafarta masa, duk da haka yaron ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Gafara ba ta hana girbin abin da aka shuka.

To, ina ikon Allah a cikin wannan? Tambaya ce mai nauyi, manyan malaman ikilisiya sun daɗe suna kokawa da ita. Pelajiyus ya koyar cewa mutum yana iya yin adalci da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya ce zunubi ya raunana nufin mutum, sai da alherin Allah yake iya juyowa, taron Kartaj na shekara ta 418 kuma ya ƙi koyarwar Pelajiyus. A 1524 Erasmus ya rubuta littafi yana kare 'yancin nufi, Martin Luther ya mayar masa da martani a 1525. Abin lura shi ne, duk da zafin gardamarsu, ba wanda ya ce mai zunubi ba shi da alhakin zunubinsa.

Littafi Mai Tsarki yana riƙe da gaskiyar biyu tare. A ranar Fentikos, Bitrus ya shaida wa jama'a cewa bisa ga shirin Allah aka ba da Yesu, a cikin aya ɗaya kuma ya ce su ne suka kashe shi (Ayyukan Manzanni 2:23). Masu sauraronsa ba su ce an wanke su ba, zuciyarsu ce ta soku, suka tambayi abin da za su yi. Game da Shaiɗan kuwa, jaraba yake kawowa, ba ya kama hannun kowa. Yakubu 1:13-15 ya nuna cewa sha'awar mutum ce take jan sa, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi.

Ba a musun cewa talauci, da rashin biyan albashi, da mugun reno suna matsa wa mutum. Dattawa masu hikima sukan duba waɗannan kafin su yanke horo, ya kamata kuma su duba. Sai dai matsi ba tilas ba ne. Sa'ad da Yahudawan da aka kai bauta Babila suka riƙa ɗora wahalarsu a kan iyayensu, Ezekiyel sura 18 ta hana su, ta ce kowane rai zai amsa nasa.

Saboda haka, idan ma'ajin nan ya tsaya a gaban dattawa, abin da ake jira daga bakinsa shi ne ya faɗi nawa ya ɗauka, da ranar da zai fara mayarwa. Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, bai kawo zancen matsin Romawa ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu (Luka 19:8).