Inda Kifi Ke Taruwa da Bazara

Da bazara gulbin Sakkwato, wanda ya bi ta Gusau da Bunguɗu, yakan janye ya bar rairayi, sai kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi. Mai fatsa daga Furfuri, nemi lanƙwasar gulbi inda ruwa ya ci gaɓa, ko gindin dutse, ko saiwar itace a cikin ruwa. Nan tarwaɗa ke laɓewa, kuma tana ce abincinta. Je da sassafe. Inda ka ga zalɓe ya kafe yana kallon ruwa, akwai kifi.

Fara gaida Sarkin Ruwa, don wasu guraben da masu su. Kada ka zuba guba, dabbobi na sha a nan. Saboda 'yan bindiga, kada ka nausa daji kai kaɗai, ka dawo kafin la'asar.