KAUCIN KWAMFUTA: NAZARI A KAN CUTAR SALITY DA SHAGUNAN BUGA TAKARDU NA KUDANCIN KADUNA

Gabatarwa

A unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, irin su Barnawa da Kakuri da Makera da Narayi da Sabon Tasha, akwai ƙananan shaguna masu yawa inda ake buga wa jama'a takardu da kwamfuta, a gurza musu, a kuma tura musu waƙoƙi da finafinai a waya. Can ɗaliban reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa kan kai aikinsu, haka masu neman aiki, da malaman makaranta masu buga tambayoyin jarrabawa, da sakatarorin ƙungiyoyi. Kowa da ɗan filashinsa a aljihu. A wuni guda kwamfuta ɗaya takan karɓi baƙuncin filashi masu yawa, ba kuwa mai tambayar inda kowannensu ya kwana jiya.

A irin waɗannan wurare ba wuya a ji mai shago yana kukan cewa bairos ya cinye masa kwamfuta, alhali kuwa ga manhajar riga-kafi a kanta. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauka ita ce: ina mai gadin yake sa'ad da ɓarawo ya shiga? Za a nemi amsar ta hanyar duba cuta guda ɗaya mai suna Sality, wadda a shekarun da suka biyo bayan 2010 rahotannin kamfanonin tsaron kwamfuta suka sha ambatonta cikin waɗanda aka fi cin karo da su a ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya.

Matsalar Suna

Kafin a shiga bayani gadan-gadan, ya kamata a tsaya kaɗan a kan suna, tun da yake aikin wannan sashe ke nan. A bakin jama'a, duk abin da ya dami kwamfuta sunansa bairos. A gidajen rediyo kuwa sai a ce ƙwayar cutar kwamfuta. Masana sun rarrabe. Akwai wadda suke kira tsutsa, watau manhaja mai zaman kanta da ke kwafar kanta daga wuri zuwa wuri. Irinta ce ke ɓoye wa ɗalibi jakunkunansa a filashi ta bar masa gumakan banza, har ya ɗora hannu a ka yana zaton aikinsa ya salwanta, alhali yana nan a ɓoye. Akwai kuma wadda ke zuwa da siffar abin kirki, mutum ya sa ta da hannunsa. Wannan Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna tun kafin a haife ta, watau angulu da kan zabo.

Ta uku ita ce abin magana a nan. Ba ta da jikin kanta. Sai ta sami lafiyayyar manhaja ta shige cikin fayil ɗinta, ta yadda duk sa'ad da aka tashi manhajar, ita ma ta tashi. Wannan maƙala na ganin ba sunan da ya dace da ita kamar kauci. Kauci ba ya tsira a ƙasa, sai a kan reshen wata bishiya, yana shan ruwanta, tsuntsu kuwa shi ke ɗaukar irinsa daga wannan bishiya zuwa waccan. Tsuntsun a nan shi ne filashi.

Kaucin kwamfuta ba sabon abu ba ne. A 1983 wani ɗalibi mai suna Fred Cohen ya nuna a jami'arsa a Amurka cewa ana iya rubuta manhajar da za ta harbi wasu manhajoji. A 1987 aka gano cutar da aka laƙaba wa sunan birnin Ƙudus, wadda ke shiga fayiloli, ta kuma share su duk ranar Jumma'ar da ta faɗo a 13 ga wata. Ita Sality a 2003 ta bayyana. Masu bincike sun fi karkata ga cewa daga Rasha ta fito, ana kuma jin daga sunan garin Salavat aka samo sunanta.

Yadda Take Shiga Fayil

Sality kwamfutoci masu amfani da Windows take kamawa, kuma abincinta shi ne fayilolin manhaja, musamman waɗanda sunansu ya ƙare da .exe ko .scr. Kowane irin wannan fayil yana da mashiga, watau wurin da kwamfuta ke fara karanta umarni idan an tashe shi. Abin da cutar ke yi shi ne ta kwashe umarnin farko na ainihi ta adana, ta sa nata a gurbinsa, sa'an nan ta liƙa sauran jikinta a ƙarshen fayil ɗin cikin rubutun sirri. Idan mai shago ya latsa manhajar, cutar ce za ta fara tashi, ta warware jikinta, sa'an nan ta mayar da umarnin ainihi ta bar manhajar ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa takan daɗe ba a farga ba. Takarda na fita, kuɗi na shiga, wa zai yi zargin wani abu?

Wani abin lura shi ne ba ta maimaita kama. Duk fayil ɗin da ta shiga, sai ta sauya tsarin umarnin da ke buɗe jikinta. Manhajar riga-kafi ta da kuwa da kama take gane mai laifi, kamar ɗan sandan da aka ba hoto. To, yaya za a yi da ɓarawon da kullum da irin fuskar da yake fitowa?

Da zarar ta tashi, sai ta cusa kanta cikin sauran manhajojin da ke aiki a lokacin, ta shiga bin rumbun kwamfutar jaka bayan jaka tana harbin abin da ta tarar. Idan an haɗa kwamfutocin shagon da waya ɗaya suna musayar fayiloli, ta nan za ta bi. Idan aka soka filashi, sai ta harbi manhajojin da ke ciki, ta kuma ajiye wani ɗan fayil mai suna autorun.inf, wanda ke umartar kwamfuta ta gaba ta tashi cutar da kanta. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan ƙofa a Windows 7, wadda ta fito a 2009, ya kuma aika wa tsofaffin Windows gyara a watan Fabrairu na 2011. Amma gyara sai ga kwamfutar da ke karɓarsa. Wadda ke kan Windows XP, da aka daina kula da ita tun watan Afrilu na 2014, ko wadda aka sa mata Windows na jabu aka kashe mata karɓar gyara don kada ta cinye data, tana nan da ƙofarta a buɗe. A 2010 ma Sality ta ƙara wata dabara, ta ari wata ɓaraka da ke cikin gumakan gajeriyar hanya na Windows, ɓarakar da cutar Stuxnet ta yi amfani da ita a kan cibiyar nukiliyar Iran.

Yadda Take Kashe Mai Gadi

Nan ne kwatancen kauci ya gaza, domin kauci bai taɓa kashe mai lambu ba. Sality kuwa da mai gadi take farawa.

Tana ɗauke da jerin sunayen manhajojin riga-kafi da na kamfanonin da ke yin su. Takan duba abin da ke aiki a kwamfutar, duk wanda sunansa ya dace da na jerin sai ta tsayar da shi, ta hana shi sake tashi. Wasu nau'o'inta har share fayilolin da riga-kafi ke ajiye hotunan masu laifi suke yi, su bar shi makaho. Bayan haka takan dasa wata ƙaramar manhaja a can cikin cibiyar Windows, inda direbobin na'urori ke zama, wurin da ikonsa ya fi na manhajar yau da kullum. Aikin wannan dashe shi ne tace abin da ke fita zuwa intanet. Idan mai kwamfuta ya nemi shafin wani kamfanin riga-kafi, sai hanya ta toshe, alhali Facebook na buɗewa lafiya lau. Mai shago sai ya ɗora laifin a kan sabis, ya yi ta zagin kamfanin waya a banza.

Sa'an nan ta juya kan rajista. Windows na da wani babban kundi da ake kira rajista, inda aka rubuta dokokin tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Sality takan shiga wannan kundi ta sake rubuta dokokin. Takan kulle allon da ke nuna ayyukan da ke gudana, don kada a gan ta a tsayar da ita. Takan kulle abin gyaran rajistar kansa, don kada a warware abin da ta ɗaura. Takan hana a ga ɓoyayyun fayiloli, ta kashe tambayar neman izini da Windows ke yi kafin a canza muhimmin abu, ta huda ganuwar tsaro ta sa sunanta cikin amintattu, ta kuma rufe bakin sashen da ke yin gargaɗi idan riga-kafi ya daina aiki. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni: an kashe mai gadi, an kuma ɗaure bakin karen da zai yi haushi. Idan mai shago ya nemi buɗe allon ayyuka, sai a rubuto masa cewa shugaban kwamfutar ya hana, alhali shi ne shugaban, ba kuma shi ya hana ba.

Akwai wata hanya da masu gyara suka saba bi, watau tashin kwamfuta a yanayin lalura, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, a sami damar fidda cuta tana barci. Sality ta san da wannan. Takan share layukan rajista da wannan yanayi ya dogara da su, ta yadda in an gwada, sai allo ya yi shuɗi kwamfuta ta sake tashi.

Saboda haka shirun da riga-kafi ya yi a kan kwamfutar da ta riga ta kamu ba shaidar lafiya ba ne. Tambayar irin wannan kwamfuta ko tana lafiya daidai yake da tambayar gidan da ɓarayi suka kwana a ciki ko lafiya aka kwana.

Me Take Nema?

Ba don ɓarna kawai aka yi ta ba. Kwamfutocin da suka kamu sukan haɗu su zama runduna, kowace na miƙa wa 'yar'uwarta saƙon maigidansu, ba tare da wata cibiya guda da hukuma za ta rufe ba. Wannan ne ya bambanta ta da takwarorinta. An karya lagon Virut a Foland a 2013, 'yan sandan Turai kuma suka ƙwace cibiyoyin Ramnit a watan Fabrairu na 2015, amma rundunar da ba ta da fada ba a san inda za a kai mata hari ba. Ta wannan hanya ake turo wa kwamfutar wasu cututtuka: masu satar kalmar sirri, da masu aika wasiƙun banza, da masu mai da ita kafar da wani zai ɓuya a bayanta. A watan Fabrairu na 2011, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego sun lura da rundunar Sality ta shafe kwana 12 tana leƙa adireshin intanet na duniya, daga adireshi kimanin miliyan 3, tana neman na'urorin kiran waya. Mai shagon da ke sayen data da man janareta da guminsa, ashe wani yake yi wa ƙodago.

Kakuri unguwar masana'antu ce tun kafa masaƙar farko a 1957, don haka akwai wani labari da ya shafe ta. A 2022 kamfanin Dragos ya ba da rahoton cewa wasu manhajoji da ake tallatawa don buɗe kalmar sirrin na'urorin sarrafa injinan masana'antu suna ɗauke da Sality. Injiniyan da ya gaji inji ba tare da kalmar sirri ba, ya sauko da irin wannan manhaja, ta buɗe masa injin kuwa, amma ta bar masa baƙo.

Gyara da Inda Ake Yin Kuskure

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sani shi ne Sality ba ta shiga rubutu ko hoto. Kundin da aka yi wata da watanni ana rubutawa ba shi take harbi ba. Filashin da ke ɗauke da shi da manhajojin da ke ciki su ne abin tsoro. Asarar rubutu ta fi zuwa a wajen gyara, sa'ad da mai gyara ya share rumbu cikin gaggawa bai kwashe kome ba. Wanda ya ajiye kwafin aikinsa a imel, ko ya tura wa mai shago takardar ta waya maimakon ya miƙa filashi, ya rage wa kansa fargaba.

Shi kuwa mai shago, tun da ba a amince da kwamfutar ba, daga waje za a duba ta. Ana tashinta da faifan ceto ko filashin ceto da aka shirya a wata lafiyayyar kwamfuta, yadda cutar ba za ta farka ba. Kamfanin Kaspersky ya fitar da wata manhaja ta musamman mai suna SalityKiller, mai zare cutar daga fayil ta mayar da mashigarsa. Wannan ya fi share fayil ɗin ɗungurungum, domin wanda ya share duk abin da ya kamu zai wayi gari ba shi da manhaja ko ɗaya mai tashi. Ko bayan an zare ta, dokokin rajista da ta canza ba sa komawa da kansu, sai an bi su an gyara, sa'an nan a canza duk kalmomin sirrin da aka taɓa bugawa a wannan kwamfuta.

Idan abin ya yi nisa, sai a share rumbu a sa sabuwar Windows. A nan ne galibi ake tuntuɓe. Masu gyara kan raba rumbu gida biyu, su share ɓangaren da Windows ke zaune, su bar ɗayan inda aka tara fayilolin sa manhajoji, na buga rubutu da na firinta da sauransu. Waɗannan kuwa duk .exe ne, duk kuma sun kamu. Da an gama sa Windows, sai mai gyara ya latsa na farkonsu, ko ya ciro nasa filashin da ya zaga shaguna goma a makon, ya sa direban firinta daga ciki. Kafin ya karɓi kuɗin aikinsa, cutar ta koma ɗakinta. Bayan mako biyu mai shago zai dawo yana cewa an cuce shi, mai gyara kuma ya rantse da hannunsa ya share rumbun, kuma kowannensu gaskiyarsa yake faɗi.