Amsar Tambaya: Tallafin Gashin Ƙashi Ga Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Mai tambaya daga Dutsin-Ma yana neman sanin inda zai sami tallafin gashin ƙashi, wato jinyar da ake yi da motsa gaɓoɓi da tausa da ɗumama jiki, domin mahaifinsa da ɓarin jikinsa ya shanye. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, kuma masu buƙata ta musamman suna cikinsu, saboda haka matakin farko shi ne nema wa mahaifin rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina ta hannun cibiyar lafiya ta mazaɓarsa, tare da tambayar ko tsarin ya ɗauki nauyin gashi. Daga nan sai ya karɓi takardar turawa daga Babban Asibitin Dutsin-Ma zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Jinkiri shi ne abin tsoro, domin watannin farko ne jiki ya fi karɓar gyara, kuma gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare. Wajibi ne iyali su roƙi likitan gashi ya koya musu atisayen da za su riƙa yi wa dattijon kullum a gida.