Darasin lafiya: gyaran ƙofar zuciya

Zuciyar mutum tana da ɗaki 4 da ƙofa 4. Kowace ƙofa da ƙyaurenta. Ƙyauren yana buɗewa jini ya wuce, ya rufe don kada jinin ya komo baya. In ƙofa ta tsuke ko tana yoyo, mutum ya yi ta haki, ƙafafunsa su kumbura, ko ɗaukar tulu ya gagare shi.

Mafarin ciwon

Sau da yawa abin yana farawa da ciwon maƙogwaro ga yaro mai shekara 5 zuwa 15. In ba a yi magani ba, bayan sati 2 ko 3 zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su kan biyo baya. Ciwon ya taɓa ƙofar zuciya. Sai an yi shekaru ɓarnar ke fitowa fili.

Hanya ta 1: buɗawa

Ana zura siririn tiyo ta jijiyar cinya har zuciya. A bakinsa akwai balan-balan. A hura shi, ƙofar ta buɗe. Wani likitan Japan mai suna Inoue ya bayyana dabarar a 1984. Ba a tsaga ƙirji, mutum ya tashi cikin ƴan kwanaki. Amma sai ga ƙofar da ta tsuke, wadda ƙyaurenta bai ƙage ba.

Hanya ta 2: gyarawa

Ana tsaga ƙashin ƙirji. Inji ya karɓi aikin zuciya da huhu. An fara aiki da irin wannan inji a Amurka a 1953. Likita ya ɗinke ƙyauren, ya sa masa zobe. Alain Carpentier na Faransa ya yi suna kan wannan aiki. Yanzu wasu likitoci suna bi ta ƙaramin yanka tsakanin haƙarƙari. Miki ya fi saurin warkewa, amma aikin yana son kaya na musamman da gwanin hannu.

Hanya ta 3: sauyawa

In ƙyaure ya lalace ƙwarai, sai a cire shi a sa wani. An fara sa na ƙarfe a 1960. Yana daɗewa, amma mai shi zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa, a riƙa awon jininsa a kai a kai. Akwai kuma na jikin dabba, saniya ko alade. Ba ya bukatar maganin har abada, amma yana tsufa bayan shekara 10 zuwa 15. Ga yara yana tsufa tun kafin haka.

Wace ta fi?

In ƙofa tana gyaruwa, gyara ya fi, don mutum ya tsira da tasa. In sai an sauya, a duba shekarun majinyaci da zamansa. Mutumin Tunuga ya tambayi kansa: zai iya zuwa awon jini kowane wata, har da damina? Yarinyar da ba ta haihu ba tukuna ta faɗa wa likita, don maganin tsinka jini yana iya cutar da ɗan cikinta.

Ba a yin wannan aiki a asibitin ƙauye. Daga Tunuga a fara da ma'aikacin lafiya. Shi zai tura mutum Gaya, daga can Doso, sannan Yamai. A Najeriya an fara fiɗar zuciya a Inugu a 1974. A Sudan an buɗe asibitin Salam na Hartum a 2007 don yin ta kyauta. Duk tafiya ce mai nisa.

Abin da ya fi sauƙi

Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti da wuri. Penisilin yana kashe cutar tun ba ta kai zuciya ba. Wanda ciwon ya riga ya taɓa, a yi masa allurar penisilin kowane sati 3 ko 4, shekara da shekaru, ko an yi masa aiki. Kada a daina sai likita ya ce.

Tambayoyi

1. Ƙofa nawa zuciya take da su?
2. Mene ne bambancin ƙyauren ƙarfe da na dabba?
3. Me za a yi wa yaro mai ciwon maƙogwaro?