Amanar Shugabanci a Wurin Aiki: Darasi Daga Bakin Komadugu

'Yan'uwa Musulmi, idan aka ambaci shugabanci yawancinmu sai hankalinmu ya tafi Yamai ko ofishin gwamna a Diffa. To amma daraktan makaranta shugaba ne, haka babban ma'aikacin asibitin ƙauye, da shugaban ƙungiyar manoman tattasai, da mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙodago biyar. Da waɗannan ne darasinmu na yau yake magana.

Ba sai an ba mutanen Bosso labarin abin da ya same su ba. Ran 6 ga Fabrairu 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur da cinikin tattasai da na kifi, aka kuma taƙaita sayar da man fetur da takin zamani. Ran 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Bosso, mutane wajen 50,000 suka bar gidajensu, wasu suka nufi Tumur, wasu suka zube a gefen babbar hanya. Sai a 2017 aka sake halatta cinikin tattasai, na kifi kuwa sai 2019. A cikin irin wannan hali ne ake gane wurin aikin da aka gina bisa tsari. Duk ƙungiyar da lissafinta yake cikin kan mutum guda, ranar da ya yi gabas mambobi suka yi yamma, ranar ta mutu, kuma bashin da ke tsakanin mutane ya zama abin gaba. Wadda take da littafi da mataimaki wanda ya san aiki tana iya sake zama ko a ƙarƙashin bishiya ne.

Saboda haka muke fara wannan darasi da rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Sayyidina Umar (R.A.) shi ya kafa diwani, wato littafin sunayen masu haƙƙi a baitulmali, kuma yakan sa a ƙididdige dukiyar gwamna ranar da aka naɗa shi domin a gwada da abin da ya mallaka daga baya. Mu kuwa har yanzu akwai mai jin an ci mutuncinsa idan aka ce ya kawo rasit. Wannan kuskure ne babba. Littafi kariya ne ga mai gaskiya kafin ya zama tarko ga maha'inci. Ma'ajin da ya rubuta buhu nawa aka kai kasuwa, litar mai nawa injin ban-ruwa ya sha, jaka nawa aka ba kowane ɗan ƙodago, sannan ya karanta wa mambobi a bainar jama'a, ya tsare kansa daga zargi, ya tsare su daga zunubin zato. Ko da ajami ne a rubuta. Ƙasar da almajiranta suka shahara da rubuta Alƙur'ani da ka ba ta da uzurin rashin magatakarda.

Sai batun wanda za a ɗora a kan aiki. Lokacin da Annabi Yusuf (A.S.) ya nemi a danƙa masa rumbunan Masar, siffofi biyu ya ambata game da kansa, tsarewa da sani. 'Yar dattijon Madyana ma da ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki, ƙarfi da amana ta duba. Abin lura shi ne ba a raba su. Abu Zarri (R.A.), duk da tsoron Allah da aka san shi da shi, ya nemi muƙami Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi, saboda ya ga yana da rauni a wannan fanni. Ashe ke nan yawan nafila bai isa ya sa a ba mutum makullin sito ba idan bai iya lissafi ba, ballantana a ce don ɗan wanmu ne, ko don yarenmu ɗaya. A wurin da Barebari da Fulani da Buduma da Larabawa da Tubawa da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, shugaban da ya cika ma'aikata da danginsa ya shuka abin da ba zai so girbinsa ba.

Samarinmu masu neman ci gaba a wurin aiki su ma su dubi hanyar Annabi Yusuf. Tun yana bawa a gidan Aziz aka amince masa, a kurkuku ma fursunoni shi suke nema da tambaya. Muƙami ya iske shi a shirye. Malamin kwantaragi da aka tura ƙauyen da ba mai zuwa duba shi, idan yana shiga aji a kan lokaci yana kuma ƙara wa kansa ilmi, to yana tara abin da takardar neman alfarma ba ta bayarwa. Ba mu ce kullum ana saka wa mai ƙoƙari a nan duniya ba, mun san akwai masu tsallake layi. Sai dai wanda ya hau da tsanin wani, ranar da aka janye tsanin zai sauko. Kuma tun da aka kafa Jami'ar Diffa a 2014, ƙarin karatu ya matso kusa da gida.

Kogin da muke sha ma malami ne. Ruwan Komadugu daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, kuma madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) na ƙasar Kano sun canza yadda yake zuwa. Wata shekara ya yi ƙaranci, wata kuma ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2019 da 2022. Shugaban ƙungiyar da ya raba ribar kakar tattasai ƙarƙaf, bai ware na gyaran inji da na iri ba, ya manta da shawarar da aka ba sarkin Masar ta a bar hatsin shekarun yalwa cikin zangarniyarsa. Tanadi ba ya cikin abin da ke warware tawakkali.

A bakin wannan kogi ne, a Birnin Gazargamu, Mai Idris Alauma ya yi mulki a ƙarni na 16. Limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta tarihinsa, kuma bayan yaƙe-yaƙe ya ambaci cewa ya daidaita mudun awon hatsi, ya sa aka sassaƙa manyan jiragen fito, ya mayar da shari'a hannun alƙalai. Mudu da jirgi ƙananan abubuwa ne a ido, amma su talaka yake taɓawa kowace rana. Irinsu a wurinmu shi ne girman buhun da ake saye da wanda ake sayarwa, da ranar biyan lada. Mai gonar da ya sa mata tsinkar tattasai tun safe, ya ce su jira kuɗinsu sai ya dawo daga kasuwa bayan mako biyu, alhali yana da su a aljihu, ya sani cewa hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci.

Akwai wata jarrabawar da ta ƙaru tun da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar, wato rubuta sunayen masu samun taimako da ɗaukar ma'aikatan wucin gadi. Wanda aka ba wannan aiki ya tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin wannan, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa komai. Ragon da aka kawo maka ana gobe za a rubuta sunaye, kujerar aka kawo wa. Idan ka karɓa, sunan wata bazawara mai marayu ne zai fita daga takardar domin na mai ragon ya shiga. Tun da aka fara mayar da mutane garuruwansu da komawar mutanen Barwa a Yunin 2021, rabon fili da kayan gini da iri duk ta hannun irin waɗannan masu rubutu yake bi, kuma ya kamata a karanta sunayen a gaban jama'ar unguwa kafin a sa hannu.